Marsandi SL, Porsche 911, Jaguar E-Type ko kayan tarihi: wanne za ka taya a gwanjo?

Labaran gwanjo da ke isowa kunnen mutane na manyan kuɗi ne. A Mayun 2022 kamfanin RM Sotheby's ya sayar da Marsandi 300 SLR Uhlenhaut ƙirar 1955 kan Yuro miliyan 135 a Stuttgart, a 2018 kuma wata Ferrari 250 GTO ta 1962 ta tashi kan dala miliyan 48.4 a Monterey. Wannan kasuwa ce ta tsirarun mutane. Galibin abin da ake bugawa guduma a Amurka da Turai yana tsakanin dala dubu 10 zuwa dubu 150, kuma a nan mai tunanin shiga harkar yake rasa inda zai sa gaba: ya sayi tsohuwar motar ƙawa, ko ya tsaya kan abin da ba ya shan mai, kamar agogo, azurfa ko darduma?

Abin da za a auna kowane zaɓi da shi

Na farko shi ne ainihin kuɗin da zai fita daga aljihunka, wanda kullum ya fi tayin da aka sallama maka. Gidan gwanjo yana karɓar la'ada daga mai saye. A gwanjon motoci na RM Sotheby's a Amurka, kashi 12 ne a kan dala 250,000 na farko, kashi 10 a kan abin da ya haura. Shafin gwanjon motoci na intanet, Bring a Trailer, yana karɓar kashi 5, da iyakar da ba ya wucewa. A ɓangaren kayan tarihi da agogo kuwa, manyan gidaje irin su Christie's da Sotheby's suna ɗora sama da kashi 25 a matakin farko. Motar da aka sallama maka kan dala 60,000 a la'adar kashi 12 ta zama 67,200 tun ba a loda ta ba. Agogon dala 10,000 a kashi 26 ya zama 12,600. Ranar da za ka sayar, a matsayinka na mai kaya, za a sake yankar wata la'adar. Idan kashi 10 ce, sai agogon nan ya tashi kan 14,000 kafin uwar kuɗinka ta dawo, wato sai darajarsa ta ƙaru da kashi 40. Duk wanda ya ce maka wannan harka ta saurin riba ce, bai yi wannan lissafin ba.

Na biyu juriya: me ke kashe abin, kuma cikin shekara nawa. Na uku sauƙin riƙo, wato kayan gyara, makanikin da ya san shi, da wurin ajiya. Na huɗu haɗari: jabu, takardu marasa kyau, da doka.

Ka kuma riƙe cewa kayan gwanjo yadda suke ake sayar da su. Da zarar guduma ta sauka ba a mayarwa, ko da injin ya buga a ƙofar fita. Yawancin kaya suna da farashin da mai su ya gindaya a ɓoye, wanda ƙasa da shi ba za a sallama ba, kuma sharuɗɗan gidaje da yawa sun ba mai gwanjo damar yin tayi a madadin mai kaya har a kusanci wannan farashin. Saboda haka jin ana ta ɗaga tayi ba ya nufin akwai masu saye da yawa a zauren. Ka rubuta iyakarka, da la'ada a ciki, kafin a fara.

Akwai kuma katangar da ta shafi mai zama a Najeriya kai tsaye. Jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su ya haɗa da motocin da suka wuce shekarun da aka ƙayyade, kuma duk motocin da za a ambata a nan sun zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Ghana ma tana ɗora tara a kan motar da ta wuce shekara goma. Haka nan tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka mota mai sitiyari a dama, irin wadda ta cika gwanjon Ingila, wata matsala ce daban. Kafin ka taya, ka san inda motar za ta zauna: a wurin ajiya na haya can ƙasar da ka saya, ko kuwa za ka nemi irinta da ta riga ta shigo tun da daɗewa.

Marsandi SL, ƙirar R107

An yi ta daga 1971 zuwa 1989, an kuma ƙera sama da 237,000, mafi yawa suka tafi Amurka. Yawan nan ne ya sa ta fi sauran araha. Mai lafiya da ake hawa galibi tana tsakanin dala dubu 12 zuwa 35, sai 560SL ta 1986 zuwa 1989 mai ƙarancin tafiya da kan haura haka sosai. Gaskiya ba motar tsere ba ce. Tana da nauyi, yawancinta giyar otomatik ce, an yi ta ne don doguwar tafiya cikin natsuwa, da rufin ƙarfe da ake cirewa da na tamfol a ƙarƙashinsa.

Abu biyu ke kashe ta. Na farko tsatsa a bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota, ƙarƙashin gilashin gaba. Ganye da ƙura suna toshe magudanar ruwa, ruwa ya kwanta, ya ci ƙarfen daga ciki. Daga waje ba a ganin komai. Sai an cire murfin fankar iska da ke gindin gilashi an haska tocila, an kuma ɗaga kafet an taɓa a ji ko da danshi. Gyaransa na buƙatar a kwance gaban motar gaba ɗaya, kuma kuɗinsa kan kai rabin darajar mota mai matsakaicin kyau. Na biyu sarƙar taimin a injin V8. Robobin da ke riƙe da ita suna bushewa da shekaru, su karye, sarƙar ta tsallake haƙori, bawul ya daki fistan. Alamarta ƙarar kacau-kacau na daƙiƙa biyu idan an tada injin da sanyinsa. Idan babu takardar da ta nuna an canza su, ka sa kuɗin canjin cikin lissafi. 380SL ta Amurka ta 1981 zuwa 1983 ta zo da sarƙa mai layi ɗaya, wadda ta fi saurin miƙewa, don haka a tambaya ko an mayar da ita mai layi biyu.

Inda ta yi wa sauran fintinkau shi ne gyara. 300SL ta 1985 zuwa 1989 injinta M103 ne mai silinda shida, irin na Marsandi 300E da ake kira V-boot, 280SL kuma tana da injin M110 irin na 280E. Tsofaffin makanikan Marsandi a Kano, Kaduna, Maraɗi ko Kumasi sun yi shekaru suna kwance waɗannan injuna. A ganina, ga mai son ya riƙa hawa, 300SL ta fi 560SL hankali, duk da cewa ba ta kai ta suna a gwanjo ba.

Porsche 911 mai sanyaya inji da iska

Biyu ne suka dace da mai farawa: 911 SC ta 1978 zuwa 1983 mai injin lita 3.0, da Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989. Mai kyau galibi tana tsakanin dala dubu 50 zuwa 90, kuma ta 1987 zuwa 1989 ta fi tsada saboda giyar G50, wadda ta fi tsohuwar giyar 915 laushin shiga.

Injinta a baya yake, ba shi da lagireto. Fanka ce da baƙin mai ke sanyaya shi, shi ya sa juye ɗaya kan ci kusan lita 10. Ana duba man ne injin na aiki kuma ya yi zafi, motar na kan shimfiɗaɗɗen wuri. Wanda ya duba da sanyi zai ga kamar babu mai, ya ƙara, ya cika shi fiye da kima, motar ta kama hayaƙi. Idan fanbel ya tsinke, a tsaya nan take, domin mintuna kaɗan sun isa su ƙona injin.

Tun 1976 Porsche take rufe bodin da sinadarin hana tsatsa, amma shekara arba'in ba wasa ba. A duba gindin ginshiƙin ƙofa, ƙarƙashin batir, da kusurwoyin gilashin gaba. A SC babban ciwon shi ne dogayen ƙusoshin da ke ɗaure kan inji. Guda 24 ne, kuma na layin ƙasa suna karyewa. Ana gane haka idan an cire murfin bawul na ƙasa, goron da ya karye ya faɗo. Gyaran sai an sauke inji, kuma wanda ya sauke shi ba ya mayarwa bai taɓa sauran kayan ciki ba, don haka lissafi yakan haura dala dubu 10 cikin sauƙi. Abin da ke ɗame sarƙar taimin a SC shi ma yana gazawa, a tambaya ko an sa irin na 1984 mai aiki da matsin mai. A Carrera 3.2 kuwa hanyoyin bawul ne ke cinyewa, motar ta riƙa shan mai tana fitar da shuɗin hayaƙi idan an saki totur. Kada ka taya ko sisi sai wani gareji mai zaman kansa ya gwada matsin silinda shida ɗin ya ba ka lambobin a rubuce.

Kayan gyaranta suna samuwa kusan duka, daga Porsche da wasu kamfanoni, sai dai da tsada. Matsalar ita ce hannu. Saita bawul kusan kowane kilomita 20,000 aiki ne na wanda ya saba, kuma makanikin da ya san sabbin Porsche Cayenne ba lallai ya taɓa ganin cikin wannan injin ba. Na'urar sanyaya cikinta ma rarrauna ce, a zafin Afrilu ba za ta yi maka komai ba. Abin da take da shi wanda sauran ba su da shi: masu nemanta suna ko'ina, matasa da tsofaffi, shi ya sa ta fi saurin sayuwa idan ka gaji da ita.

Jaguar E-Type

An fara nuna ta a baje kolin motoci na Geneva a Maris 1961, aka ci gaba da ƙera ta har tsakiyar shekarun 1970, jimilla kusan 72,500. Ita ce mafi kyawun gani a cikin ukun, kuma ita ce mafi cin kuɗi. Farashinta ya bazu sosai. Zubin farko mai buɗaɗɗen sama, mai fitilu a cikin gilashi, yakan wuce dala dubu 100 idan an gyara shi da kyau. Mai kujeru huɗu da aka fara a 1966, da zubi na biyu, da kuma na uku wanda shi ne mai injin V12, ana samunsu daga dubu 35 zuwa 70. Farashin ya yi sama sosai wajen 2015, daga baya ya sassauta, kuma da yawa da suka saya a lokacin sun sayar da asara.

Bodinta ba a kan shasi daban yake zaune ba, shi kansa ne ƙashin motar. Idan tsatsa ta ci dogayen ɓangarorin da ke ƙarƙashin ƙofofi da daɓen ciki, motar tana lanƙwasawa, ƙofa ta ƙi rufuwa daidai. A lura da tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, a bi ƙasan motar da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa fila aka cusa aka fente. Inji yana zaune kan firam na siraran bututu waɗanda idan sun tsage ba a yi musu walda, canzawa ake yi. Bonet ɗinta guda ɗaya ne tun daga hanci har gilashi, kuma daidaita sabo aikin kwanaki ne.

Gyaran da ke da sauƙi a wata mota a nan babban aiki ne. Canza kulos sai an fitar da inji da giya. Birkin baya yana can ciki kusa da difirensha, yin aiki sosai a kansa sai an sauke ƙafafun baya gaba ɗaya. Zubin farko yana da kafireto uku na kamfanin SU da ake daidaitawa tare, V12 kuma huɗu. Ga zafi: an yi ta ne don yanayin Ingila, idan ba a sa mata sabon lagireto da fanka mai ƙarfi ba, cunkoso ɗaya ya isa ta tafasa. Kafin saye a nemi takardar shaida daga Jaguar Daimler Heritage Trust, wadda ke nuna lambar inji, lambar bodi da launin da ta fito da shi daga masana'anta, a gwada da abin da ke jikin motar. Wadda injinta ba na asali ba ne darajarta ta ragu sosai. Kuma motar da aka ce "an fara gyara, saura kaɗan" ita ce mafi tsada a zauren, duk arhar da aka sa mata.

Agogo, azurfa da darduma

Waɗannan ba sa buƙatar gareji, kuma agogo ko a aljihu ya shiga. Tsohon agogon ƙarfe na Omega Speedmaster daga shekarun 1970 yakan tashi kan 'yan dubban daloli zuwa sama da dubu 10, Rolex Submariner mai lamba 5513, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1989, ya fi haka. Na ƙarfen ne ma masu tarawa suka fi nema a wannan aji, abin da ya yi wa namiji Musulmi daidai tunda ba zai sa zinariya ba. Riƙonsa sabis ne duk bayan shekara biyar ko makamancin haka, da nisantar ruwa. Haɗarinsa kuwa ya fi na mota, domin kashi mafi girma na darajar yana kan fuskar agogon. Fuskar da aka sake fentawa, ko aka canza da sabuwa lokacin sabis, ko jikin da aka goge har kusurwoyinsa suka mutu, duk suna zubar da farashi, kuma ido marar horo ba ya ganewa. A tsofaffin Rolex lambar ƙira tana tsakanin ƙafafun da ke riƙe madauri ta saman ƙarfe 12, lambar agogon kuma ta ƙarfe 6, a cire madaurin a duba. Kasuwar agogo ta kai ƙololuwa a farkon 2022 sannan ta sauko.

Azurfar Ingila ta fi komai sauƙin tantancewa saboda hatiminta: zaki mai tafiya yana nufin azurfa 925 cikin 1000, hoton kan damisa yana nufin Landan, na ankar jirgin ruwa Birmingham, sai harafi ɗaya mai nuna shekara. Abin da aka rubuta wa EPNS ruwan azurfa kawai aka shafa masa. Ko kasuwa ta faɗi, nauyin ƙarfen yana nan. Sai dai yawancinta butoci ne da cokula da faranti, kuma shari'a ta hana ci da sha a cikinsu, malamai da yawa sun hana har ajiye su, ga zakka idan nauyin ya kai nisabi. A tambayi malami kafin a taya.

Dardumar Farisa ko ta Turkiyya ana karanta ta daga baya: ƙulli na hannu ba ya zama daidai wa daida kamar na inji. Asu da rana ne maƙiyanta. Kujeru da kabad na katako masu siririn lulluɓi kuwa a bar su inda suke, bushewar hunturu tana tsaga su tana ɗaye lulluɓin.

Doka a nan ta fi tsanani. Duk abin da ke da hauren giwa yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa, Birtaniya kuma ta hana cinikinsa kusan gaba ɗaya tun 2022. Kayan tarihin Najeriya, irin su tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, da gumakan yumɓu na Nok, suna bayyana a gwanjon Turai. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da irinsu ba izini, Jamus kuma ta mayar wa Najeriya mallakar sama da guda 1,000 a 2022. Wanda ya sayi irin wannan ba tare da takardun da ke nuna hannun da ya bi ba, yana iya wayar gari da abin da ba gidan gwanjon da zai karɓa, ko a ƙwace shi, ko ya tarar jabu ne, don jabun Nok sun cika kasuwa.

| Zaɓi | Farashi a dala | Juriya | Sauƙin riƙo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Marsandi SL R107 | dubu 12 zuwa 35 | mai ƙarfi | ya fi sauran motocin sauƙi | ɓoyayyar tsatsa, sarƙar taimin |
| Porsche 911 SC ko 3.2 | dubu 50 zuwa 90 | mai ƙarfi idan ana kula | sai ƙwararre | gyaran inji mai tsada |
| Jaguar E-Type | dubu 35 zuwa sama da 100 | matsakaiciya | da wahala | ruɓaɓɓen bodi, zafi, mugun gyara |
| Tsohon agogon ƙarfe | dubu 4 zuwa 20 | mai kyau | da sauƙi | canjin fuska, jabu, sata |
| Azurfa ko darduma | daga 'yan ɗaruruwa | mai kyau | da sauƙi | jinkirin sayuwa, la'ada mai nauyi |

Wa ya dace da wanne

Mai son motar da zai fito da ita ranar Juma'a ko ranar biki, kuma a gida yake zaune, ya nemi Marsandi SL mai silinda shida da ta riga ta shigo ƙasa da takardunta. Bushewar arewa tana kare ƙarfe daga tsatsa, amma rana tana cin roba da fata da gaban mota, don haka sai da rufaffen gareji. A tada ta a zagaya da ita duk bayan mako biyu, a canza man birki duk shekara biyu, a duba lambobi huɗu na jikin taya masu nuna mako da shekarar ƙira, don tayar da ta shekara goma ta mutu ko da zanenta bai goge ba.

Mai zama a Turai ko Amurka, ko mai zuwa can a kai a kai, wanda ke son jin daɗin tuƙi kuma ba ya son kuɗinsa su narke, Carrera 3.2 ce tasa, da sharaɗin ya ware aƙalla dala dubu 10 a gefe don ranar da injin zai nemi a buɗe shi. E-Type ta wanda ya riga ya mallaki tsohuwar mota ce, yana da garejin da ya amince da shi, kuma ya sayi wadda aka gama gyarawa da hotuna da rasiɗan aikin, ba wadda zai gyara ba.

Wanda kuɗinsa bai kai dala dubu 15 ba, ko ba shi da wurin ajiya, ko dokar shigo da mota ta tare shi, ya fara da agogon ƙarfe guda ɗaya daga gidan gwanjon da ke ba da rahoton yanayin kaya a rubuce da hotunan cikin agogon. Mai neman abin ƙawata falo ya ɗauki darduma, a ƙaramin gidan gwanjo na yanki inda masu tayi ba su da yawa, ya kuma ɗauka cewa kuɗin ado ya kashe. Wanda kuma zai buƙaci kuɗinsa cikin shekara biyu ko uku, babu ko ɗaya a jerin nan da zai mayar masa da la'adar shiga da ta fita a wannan ɗan lokacin.